Amsa ga Kawu kan tambayar da ya yi mini a ƙofar dagaci

Assalamu alaikum Kawu,

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a gindin darbejiyar ƙofar dagaci, ka ɗaga murya ka ce mini: "Kai ɗan wa ne da za ka tuhumi manya? Ko boko ne ya koya maka fitsara?" Na yi shiru don girman furfurarka. Amma tunda a gaban jama'a ka yi tambayar, a gabansu zan ba ka amsa.

Ɗan ƙanwarka ne ni, Kawu. Wadda tun ambaliyar 2022, lokacin da kogin Haɗejiya ya shafe shinkafarta tana gab da nuna, ba ta sake miƙewa ba. Ranar rabon taki da iri ta tsaya a layi tun hantsi har la'asar, da tsohon buhu naɗe a hammata, ta dawo da shi yadda ta tafi da shi. Abin da na tashi na tambaya ke nan: buhu nawa aka kawo, su wa aka ba? Ban zagi kowa ba, ban kira sunan kowa ba.

Maganar boko ba zan daɗe a kanta ba. A makarantar zaure na fara jin abin da aka ruwaito daga Imamu Malik, cewa kowa ana iya karɓar maganarsa ana iya mayar masa, ban da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi.

Sauran kuwa a bakinka na koya. Kai ne kake zaunar da mu a tabarma bayan isha'i kana ba mu labarin Malam Aminu Kano da NEPU tun 1950, da yadda talaka ya koyi ɗaga kai ya dubi mai rawani. Kai ne ka ce ka yi yawon ƙauyuka a keke da tutar PRP mai mabuɗi a 1979, kuma ka yi kukan murna da gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali. A lokacin kai ma an kira ka mara kunya. Me ya sauya, Kawu? Ina jin nauyin faɗa, amma garin nan kaf an san ɗanka yana cikin kwamitin rabon.

Abin da ya fi ci mini rai, duk matashin da ya buɗe baki a ƙauyen nan sai a ce ba shi da tarbiyya, har ya gaji ya ɗaure kaya ya tafi Kano ko Legas. Dubi layinmu, samari nawa suka rage?

Zan ci gaba da durƙusawa in gaishe ka kowace safiya. Juma'a mai zuwa kuma, in Allah ya kai mu, zan sake tashi in nemi a fito da takardar sunayen a karanta ta da ƙarfi.

Ɗanka,
daga ƙasar Auyo