Warin kashin kaji ba abin wasa ba ne

Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ba ni fili in yi magana da 'yan uwana masu kiwon kajin ƙwai. Wannan warin da ke sa hawaye in ka shiga ɗakin kaji da safe iskar amoniya ce, daga kashin take fitowa, ƙwayoyin cuta ke narka shi in ya jiƙe ga kuma zafi, shi yasa da damina abin ya fi muni musamman inda mazubin ruwa ke ɗiga kan dusar katako. Masana sun ce kar ta wuce 25 ppm (wato 25 cikin miliyan ɗaya na iskar ɗakin), in ta wuce idon kaji ya kumbura, su riƙa tari, ƙwai ya ragu, mai gona kuma yana ta zargin abinci.

A Turai har lissafi suke da kwamfuta, su saka zafi da laima da shigar iska da kwanakin da kashin ya yi, ta faɗa musu yawan amoniyar da zai fitar. To amma ai yanayinsu daban da namu. Ina roƙon cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika su yi mana namu lissafin, mu san duk bayan kwana nawa za mu riƙa kwashewa.

Wani mai kiwon kaji, daga Zariya