Likita, karena ya ci taliyar da aka dafa da wiwi, ina neman shawara

Assalamu alaikum Likita, da fatan kana lafiya kai da iyali da sauran ma'aikatan gidan rediyon, Allah ya ƙara basira. Ni mai sauraron shirinka ne na lafiyar dabbobi, daga bayan garin Kaduna nake rubuto maka, kuma don Allah kada a faɗi sunana, za ka ga dalili a gaba. Na san yawanci tambayar shanu da tumaki da kaji ake aiko maka, tawa ta kare ce, na kuma san akwai masu jin an ce kare su kau da kai, to amma wallahi abin ya tsaya min a rai.

Ina ɗan kiwon kaji da raguna a bayan gida, da su nake riƙe iyali, kuma unguwarmu sabuwa ce, kangwaye sun fi gidajen mutane yawa, ɓarayi kuwa ba a magana. Shi ya sa na ajiye kare, Damisa muke ce masa saboda dabbare-dabbaren jikinsa. Tun yana kwikwiyo yake wajena, ba ya shiga ɗaki, ba ya taɓa kwanonmu, yana da nasa kwanon da makwancinsa kusa da garke, kuma tunda ya girma ko kaza ɗaya ba a ƙara ɗauke min ba.

Satin da ya wuce bayan sallar isha'i yara suka kira ni wai in zo in ga Damisa. Na same shi yana tangal-tangal kamar wanda ya bugu, ya tsaya ƙafafu a ware yana gyangyaɗi sai ya tafi luu zai faɗi sai ya zabura ya miƙe, fitsari yana ta ɗiga ba tare da ya ɗaga ƙafa ba, yawu na dalala, da na haska fitilar waya baƙin idonsa ya buɗe ya cika idon. Abin da ya fi tsorata ni, yarinyata ta yar da murfin tukunya can nesa, sai ya firgita duk jikinsa ya hau karkarwa, karen da ko tsawa ba ta ɗaga masa hankali. Na taɓa kunnensa na ji sanyi ƙalau.

Kafin ka ce kwabo maƙwabta sun taru, wani ya ce ai haukan kare ne a kashe shi tun bai ciji yaro ba, har an ɗauko gora. Allah ya taimake ni ina da katin allurarsa, duk shekara ina kai shi a yi masa rigakafi, na fito da shi na nuna, da ƙyar dai dattijon layinmu ya tsawatar. Sai kuma aka koma bayar da magani, wannan ya ce manja, wancan ya ce madara, wata ta ce a ɗura masa ruwan gishiri ya yi amai. Ni dai na kira likitan da yake duba min kaji, ya ce kada in kuskura in ɗura masa komai, wai dabbar da take cikin magagi in ka zuba mata abu a baki ƙwarewa za ta yi ya wuce huhu, ruwan gishiri kuwa shi kansa guba ne ga kare, yana iya sa shi jijjiga har ya mutu. Ya ce in lulluɓe shi da tsohon bargo, in kai shi inda ba haske ba hayaniya, in kuma duba gidan kaf in ga me ya ci.

A nan ne Likita na gamu da abin da ya fi ciwon karen zafi. Akwai ɗan yayana marigayi da nake riƙo, saurayi ne, a shagon ƙofar gida yake kwana. A bayan shagon na tarar da ƙaramar tukunya a kife, an lashe ta tas sai ɗan sauran taliya da ƙwai a gefe, da ɗigo-ɗigon koren ganye da 'ya'yan abin a jiki, warin kaɗai ya isa. Da na shiga shagon sai ga katin tiramol da aka ɓare a ƙarƙashin katifa, an rubuta 225 a jiki. Na titsiye yaron, da farko ya rantse, da ya ga karen a kwance sai ya fashe da kuka ya ce shi da abokansa ne suka dafa taliya da wiwi suka bar saura, amma ƙwayar wai tun tuni ya shanye, karen bai samu ko ɗaya ba.

Da likitan ya iso na faɗa masa gaskiya duk da nauyin da baki ya yi min, ya ce gara haka, don da yawa suna ɓoyewa saboda kunya ko tsoron hukuma sai a yi ta lalube cikin duhu, shi kuwa aikinsa dabba ne ba kamun mutane ba. Ya saurari ƙirjinsa ya ce zuciyar tana bugawa a hankali, jikin ma ya yi sanyi, ya saka masa ƙarin ruwa. Ya yi min bayani cewa wiwi ta fi kama kare a kan mutum, kuma wadda aka soya da mai ta fi ɗanyen ganye ƙarfi don sinadarin a cikin mai yake narkewa, wai abin yakan fara nunawa cikin awa ɗaya ko biyu, ya ɗauki kwana ɗaya har zuwa uku kafin ya sake shi, ba kasafai take kisa ba in an kula. Ya ce akwai wani gawayi na asibiti da ake bayarwa da wuri tun dabba tana cikin hayyacinta, amma ba gawayin murhu ba ne, kada in ji an ce gawayi in je in daka. Tiramol ita ce ya fi jin tsoro, ya ce su ma suna rubuta wa karnuka amma da awo, ta kan titi mai miligiram 225 kuwa ta wuce miligiram 50 da 100 ɗin da aka yarda a sayar a Najeriya, in kare ya haɗiye ta yana iya kamuwa da jijjiga ko numfashi ya yi masa wuya.

Alhamdu lillahi ya tashi, yana tafiya daidai, fitsarin ya tsaya. Amma ba Damisan da na sani ba ne. Tuwon da yake cinyewa kafin ka juya baya yanzu sai ya shinshina ya bari, ruwa dai yana sha sosai, da dare kuma ba ya zagaye kamar da, sai ya kwanta a bakin garke yana bin mutum da ido. To Likita wannan sauran maye ne ko abin ya taɓa masa ƙwaƙwalwa ko hanta? Akwai gwajin jini da ya kamata in sa a yi masa? Me zan riƙa ba shi har cikinsa ya dawo? Wani ya ce in ba shi farasitamol ko ibuprofen ya ware, ban ba shi ba don na taɓa jin ka ce a shirin nan maganin ciwon jikin mutane yana lalata ƙoda da hantar kare, ina so ka ƙara jaddadawa don masu wannan shawarar suna da yawa.

Sannan shin kare yana sabawa da abin har ya riƙa nema? Ina tambaya ne don kangon da ke bayanmu matattara ce, guntayen wiwi da kwalaben sirop ga su nan birjik, duk da an hana sirop ɗin tari mai kodin tun 2018 bayan rahoton nan na BBC. In na ɗaure shi da dare amfaninsa ya ƙare, in na sake shi ban san me zai tsinta ba. In kuma, Allah ya kiyaye, abin ya sake faruwa da tsakar dare likita na nesa, wace alama zan gani in san wannan na jira ne, wace ce kuma ta a ɗauke shi a mashin yanzu-yanzu?

Maganar maƙwabta ma ba ta mutu ba, har yau wasu iyaye sun hana yaransu bi ta ƙofar gidana. Likitan ya ce karen da haukan ya bayyana a jikinsa ba ya warkewa, cikin kwana 10 yake mutuwa, shi kuwa nawa sauƙi yake ƙara samu, ya ce in killace shi tsawon kwanakin don hankalin kowa ya kwanta, kuma ina yi. Don Allah ka bambance wa mutane alamomin haukan kare da na maye a rediyo, sun fi jin maganarka a kan tawa, ni ba zan iya fitowa in ce wiwi ya ci ba don tambaya ta gaba ita ce a ina ya samu.

Shi kuma yaron, na san ba fanninka ba ne, amma kai babba ne kuma ka ga jiya ka ga yau. Na ji an karanta binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 cewa mutum miliyan 14.3 ne ke shaye-shaye a ƙasar nan, ban taɓa kawo wa raina har da na cikin gidana ba. Amanar ɗan'uwana ce. Matata ta ce in kai shi NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, su ja masa kunne, ni ina tsoron ya zama shari'a da ɗauri, ƙanina ya ce gidan mari, ni kuma tun abin da aka bankaɗo a wani gidan mari a unguwar Rigasa ta Kaduna a 2019 na mutanen da aka samu cikin sarƙa zuciyata ba ta yarda ba. An ce min asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa suna da sashen masu shaye-shaye, amma uwarsa tana jin an ce Barnawa za ta ce na maida mata ɗa mahaukaci, kuma har yanzu ban ma faɗa mata ba. Yaron da kansa yake kai wa Damisa ruwa yana wanke masa makwanci tun ranar, ba wanda ya sa shi, wannan ne ya sa nake ganin bai yi nisa ba. Ta ina zan fara, uwar zan fara sanarwa ko asibitin? In akwai likitan mutane da za ka gayyato shirin ya amsa wannan ɓangaren zan ji daɗi ƙwarai.

Na gode, Allah ya saka da alheri.

Naka mai sauraro, daga Kaduna.