Rahoton Ayyukan Shekara: Tallafin Marayu da Zanen Sabon Gida

Assalamu alaikum iyayenmu, yayye da ƙanne.

A babban taron bara kun ɗora wa kwamiti aiki biyu: a ci gaba da tallafin da aka saba, a kuma kawo muku zanen gidan marayun da za a gina a filin da aka ba ƙungiya waƙafi. Na farkon ya tafi lafiya. An raba hatsi da azumi, an ɗinka wa yara kayan sallah, an biya kuɗin makaranta. Ma'aji zai karanto lissafi dalla-dalla.

Na biyun ne ya cinye mana shekara. Zanen da aka fara kawowa dogon gini ne, ɗakunan kwana a jere kamar na makarantar kwana, da madafa ɗaya. Saura kaɗan mu sa hannu, sai wata daga cikin iyayenmu mata ta ce: idan yaro ya farka da zazzaɓi cikin dare, wa zai kira? Kowa ya yi shiru. Daga nan muka koma bincike.

Mun fara da garin Imst na ƙasar Ostiriya. A can ne Hermann Gmeiner, wanda shi ma ya rasa mahaifiyarsa yana ƙarami, yayarsa ta raine shi, ya kafa ƙauyen yara na farko na SOS, ƙungiyar kula da marayu, a 1949, don yaran da Yaƙin Duniya na Biyu ya bari ba iyaye. Tsarinsa: ƙananan gidaje, kowanne da uwa guda da ke kwana da tashi tare da yaran, kuma ba a raba 'yan uwa ɗaya. Tsarin ya iso Najeriya a 1973, a Isolo da ke Legas, daga baya Gwagwalada da Jos.

Wanda ya fi kama mana hankali shi ne ƙauyen SOS na Tajura a ƙasar Jibuti, garin da ke fama da tsananin zafi. Mai zanen, Urko Sánchez, ɗan Sifaniya ne, an kuma kammala ginin a 2014. Gidaje 15 ne a cikin katanga ɗaya, a manne da juna kamar tsohuwar unguwa. Lunguna matsattsu ne, don haka bango ke yi wa bango inuwa. Mota ba ta shiga, yaro na iya gudu ko'ina. An ɗaga hasumiyoyi masu jawo iska zuwa cikin ɗakuna, an bar ƙofofi da tagogi masu raga inda iska za ta ratsa. Da maginanmu suka ga hotunan, cewa suka yi ai wannan cikin birni ne, zaure kawai ya rage. Gaskiyarsu, kuma abin ya taɓa ni ƙwarai.

Saboda haka kwamiti ya ajiye zanen farko. Sabon ya ƙunshi ƙananan gidaje, kowanne da tsakar gida da madafarsa, zaure ɗaya a bakin shiga, da wurin dasa darbejiya.

Ba mu haƙa harsashi ba bana, muna neman afuwarku. Takardar filin ta daɗe a wani ofishi, siminti kuma ya yi tashin da ya wuce ƙiyasinmu.

Za a kafe zanen a ofis kowa ya duba kafin a kaɗa ƙuri'a a taro mai zuwa. Muna roƙon iyayenmu mata su zo da sunayen waɗanda suka amince da haƙurinsu da riƙonsu, don a fara tantance iyayen gidajen tun yanzu.

Wassalam.
Sakataren Kwamiti