Rahoton Kwamitin Sake Gina Kwalbatin Hanyar Fadama

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Wannan rahoto ne daga kwamitin da taron gari ya naɗa domin sake gina kwalbatin da ya haɗa garinmu da fadamar gulbi, a nan masarautar Argungu, zuwa ga mai girma uban ƙasa, da hakimai da limamai, da kansilan mazaɓarmu, da dukkan 'yan gari na gida da mazauna Birnin Kebbi, Sakkwato, Abuja da Legas waɗanda suka sa hannu a aikin. An kammala ginin, an buɗe hanya, motoci da amalanke suna wucewa, saboda haka ya wajaba mu bayyana yadda aka yi da abin da ya rage.

Tsohon kwalbatin na zobe ne, wato bututun kankare da aka jera aka binne da ƙasa. Ambaliyar daminar 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a faɗin jihar Kebbi, ita ce ta fara zaizaye gindinsa, daga nan kuma kowace damina sai ta ƙara ɓalle wani sashe, matasa suna toshewa da buhunan yashi da kututturan giginya, har ta kai ga mota ba ta iya hayewa sam. Manomi ya koma biyan kuɗin dako sau biyu, daga gona zuwa bakin ramin, sannan 'yan dako su haye da buhu a ka zuwa wata motar, su kuma masu sayen shinkafa shanshera suka sami hujjar karya farashi. Mafi muni shi ne halin matan ƙauyukan ƙetare idan naƙuda ta zo da gardama cikin dare a watan Agusta.

Kwamiti ya fara ne da ƙaramar hukuma, domin aikin nata ne tun asali. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi ginawa da kula da hanyoyi da magudanan ruwa, tare da kasuwanni da tashoshin mota da maƙabartu, kuma saboda irin waɗannan hidimomi ne ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan, ciki har da 21 na jihar Kebbi, suke da kashi 20.60 cikin ɗari na kuɗin da ake rabawa daga asusun tarayya kowane wata. Mun rubuta takarda ta hannun kansila, mun haɗa da hotuna, aka karɓe mu da mutunci, aka kuma shaida mana cewa idan an cire albashin malaman firamare da na ma'aikatan lafiya da na sauran ma'aikata, abin da ke isowa hannun majalisar ƙaramar hukumar domin ayyuka bai taka kara ya karya ba. Ba hurumin wannan kwamiti ba ne ya binciki asusun hukuma, abin da muka gani da idonmu shi za mu faɗa. Sashen ayyuka ya ba mu injiniya wanda ya auna wurin ya zana aikin, ya kuma riƙa zuwa dubawa ba tare da ya nemi komai ba sai man babur. An ba mu aron tifa ta ɗebo jar ƙasa. Gudummawar kuɗi da aka yi alkawari kuwa ba ta fito ba sai bayan an zuba rufin kwalbatin, kuma ba ta cika ba.

Wannan jinkiri ya yi mana tsada. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin mota da farashin siminti da rodi ba su zauna wuri ɗaya ba, ta yadda ƙiyasin da aka yi a farkon rani ya zama tsohon labari kafin ƙarshensa. Da muka ga haka sai muka yanke shawarar sayen rodi gaba ɗaya da kuɗin karo-karon farko, aka ajiye a gidan hakimi, siminti kuma aka riƙa sayensa daidai buƙatar kowane mataki, domin buhun da ya daɗe a ajiye yakan sha raɓa ya daskare.

Babbar muhawarar da aka yi a kwamiti ita ce irin kwalbatin da za a gina. Wasu dattawa sun so a sake jera zobe, tun da ya fi araha kuma an saba da shi, hujjarsu kuma ba ta banza ba ce, ganin cewa kuɗin daga aljihun talakawa yake fitowa. Injiniya ya kai mu wurin ya nuna mana abin da ya kashe na farko: bakin zoben ya yi wa ruwan kaɗan, kara da leda da rassan itace sukan toshe shi, ruwa ya taru ya bi ta gefe da ƙarƙashi, tun da ba a yi masa katangar fiffike ko daɓen kankare a mashiga da mafita ba. A kan haka aka amince da kwalbati mai siffar akwati, mai baki biyu, da fiffike a kowane ɓangare, da daɓe wanda aka nutsa haƙoransa cikin ƙasa domin kada ruwa ya sake yi masa rami ta ƙasa. Kwamiti yana ganin wannan ce shawara mafi muhimmanci a duk aikin, ko da yake ita ce ta sa aka koma wa jama'a neman karo-karo karo na biyu.

Haƙar gindi da ɗebo yashi daga gulbi da cikon ƙasa duk aikin gayya ne, unguwa-unguwa, mata kuma suka ɗauki nauyin abincin ma'aikata da ɗebo ruwa. Magina da kafintoci da masu ɗaurin rodi kaɗai aka biya lada, kuma dukkansu 'yan yankin nan ne. An kwaɓa kankaren a kan ma'auni ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, aka sa wakilin kwamiti ya tsaya yana ƙirga kwanon awo a duk ranar zubi, saboda a nan ne aka saba cin amanar irin wannan aiki. Bayan zuba rufin an lulluɓe shi da buhunan algarara ana shayar da shi ruwa safe da yamma, aka kuma hana mota hawa har kwana 28, wanda shi ne wa'adin da kankare ke ɗauka kafin ya kai ƙarfin da ake auna shi da shi. Wannan hani ya jawo ƙorafi daga direbobi da masu shinkafar rani da ke son fitar da amfaninsu, har sai da mai girma uban ƙasa ya sa baki, Allah ya ƙara masa lafiya.

Mafi yawan kuɗin aikin ya fito ne daga manoma, waɗanda da yawansu shanshera suka bayar aka sayar, sai 'yan gari mazauna waje, sai 'yan kasuwa da direbobi, sai gudummawar ƙaramar hukuma. An karanta lissafin shiga da fita dalla-dalla a taron gari, littafin da rasidai suna hannun ma'aji, kuma duk wanda ya ba da ko naira ɗaya yana da haƙƙin zuwa ya duba. Ba a bin kwamiti bashi. Ragowar rodi da katakon da aka cire an miƙa su ga kwamitin makarantar firamare bisa amincewar taro.

Abin da ya rage ya fi ƙarfin karo-karo. Hanyar da ke ɓangarorin biyu na kwalbatin har yanzu jar ƙasa ce, tana buƙatar a daddanne ta da injin kuma a jera mata dutse a gefe, in ba haka ba ruwa zai ci cikon ya bar ginin tsaye shi kaɗai. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, maimakon ya bi ta asusun haɗin gwiwa da jihohi, kuma zaɓaɓɓun shugabanni ne kaɗai za su riƙe su. Bisa wannan ne muke roƙon kansilanmu, da girmamawa, ya tabbatar an sa wannan hanya da kuɗin kula da kwalbatin a cikin kasafin majalisa na shekara mai zuwa, a rubuce, da sunan wurin, ya kuma kawo wa taron gari kwafin shafin. Mun riga mun miƙa wa sashen ayyuka zanen ginin da takardar miƙa aiki domin ya shiga cikin kadarorin hukuma.

Kafin nan, matasan unguwannin da ke kusa sun karɓi aikin yashe bakin kwalbatin kafin faɗuwar ruwan farko da kuma bayan kowane babban ruwa, masu unguwanni kuma za su hana zubar da shara a magudanar. Kwamiti zai ci gaba da zama har ƙarshen damina mai zuwa domin ya ga yadda ginin zai ɗauki ruwa, sannan ya miƙa littattafansa ga taron gari.

Sa hannun shugaba, sakatare da ma'aji, a madadin kwamiti.