Wasiƙar ƙarshen zango: muhawarar 'yan SS2 kan janar ɗin Koriya da ya juya da rundunarsa

Assalamu alaikum iyayenmu maza da mata da masu riƙon yara. Ya gida, ya ɗawainiya? Allah ya saka muku da alheri.

Da yawanku kun tambaya wai wane ne Yi Seong-gye ɗin nan da yara ke ta musu a kansa a gida. To aikin kulob ɗin tarihi ne, mun lura yaranmu na son finafinan sarautar Koriya, sai muka ce bari su san ainihin abin da ya faru.

Shi dai janar ne na daular Goryeo, wadda daga sunanta aka samo sunan Koriya, ya yi suna wajen fatattakar 'yan fashin teku na Japan, musamman a yaƙin Hwangsan na 1380. A 1388 Sarki U da babban kwamandansa Choe Yeong suka ce ya ɗebi runduna ya afka wa yankin Liaodong na daular Ming ta ƙasar Sin. Ya ce ranka ya daɗe wannan tafiya ba ta yi ba, ƙaramar ƙasa ba ta tsokanar babba, ga lokacin noma ne, ga 'yan fashin Japan za su shigo ta kudu da zarar sojoji sun yi arewa, sannan damina ce, danshi zai saki dankon da aka haɗa bakuna da shi kuma cuta za ta kama sojoji. Wannan ta bakunan ita ta fi kama hankalin yaran, har sai da malaminsu ya zana musu bakan a allo ya nuna inda ake liƙa ƙaho da itace. Shi dai janar ɗin ba a saurare shi ba. Ya tafi, da suka isa tsibirin Wihwa a tsakiyar kogin Yalu ruwa ya cika ya batse, sojoji na ta sulalewa, kawai sai ya juya da rundunar ya nufi Kaesong babban birnin, ya kama Choe Yeong aka kuma sauke sarkin.

Bai hau gadon sarauta nan take ba fa, sai 1392, bayan an ƙona tsofaffin takardun gonaki an sake tsarin rabon ƙasa. Sabuwar daular aka sa mata Joseon, ya mai da fada Hanyang wato Seoul ta yau a 1394, gidansa ya yi sarauta sama da shekara 500, kuma jikansa Sejong ne ya samar da haruffan da Koriyawa ke rubutu da su har yanzu.

Tambayar muhawarar ita ce: ceton rayuka ya yi ko cin amana? Ni dai a ganina hujjarsa ta damina gaskiya ce, amma ba na son yara su tsallake Jeong Mong-ju, malamin da ya ƙi juya wa tsohon gidan sarauta baya har ɗan janar ɗin, Yi Bang-won, ya tura aka kashe shi a Kaesong a 1392. Wallahi wannan wajen ya sosa min rai, kuma ɗalibai mata sun riƙe shi gam a matsayin hujjarsu.

Za a yi muhawarar ranar Asabar ta ƙarshe kafin hutu, ƙarfe 10 na safe a babban ɗakin taro, da ɗan wasan kwaikwayo kafin nan. Ba a biyan ko sisi. Mai tsohon kwali ko zanin da ba a amfani da shi ya ba yaro ya kawo don kayan wasa, amma dan Allah ban da wuƙa ko ƙarfe, takubban duk na kwali ne. In da hali ku zaunar da su da daddare su gwada muku hujjojinsu, ku ma ku ja da su sosai. Za a raba sakamakon jarrabawa bayan an tashi.

Wassalam,
Shugaban makaranta