A riƙa rubuta mana asalin zabibin da muke saya

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana a kan zabibi, wato busasshen inabi. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina gasa kek da burodi na sayarwa, kuma da wuya mako ya wuce zabibi bai ratsa hannuna ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani da na saya kwanakin baya, an juye shi a farar leda, babu sunan ƙasa, babu shekarar girbi, babu komai. Ina kwance bakin ledar warin funfuna ya buge ni. Na zura hannu can ƙasa na ji 'ya'yan sun dunƙule sun yi danshi. Ban yi wata-wata ba na zubar da shi duka. Mai kayan ya rantse haka ya karɓo, na kuma yarda da shi, domin shi kansa bai san daga ina aka ɗauko ba.

Asarar kuɗin ta dame ni, amma abin da ya fi yi mini ciwo shi ne na san wahalar da ke bayan kowane ƙwaya. Sai an shanya kusan kilo 4 na ɗanyen inabi, wani lokaci ma fiye, kafin a samu kilo 1 na zabibi. A yankin Fresno na jihar Kalifoniya a Amurka, daga ƙarshen Agusta ake tsinke inabin, a baje shi a kan takarda tsakanin layukan gona, ya yi mako biyu zuwa uku yana shan rana. Duk tsawon kwanakin nan idon manomi na kan sama, don ruwa ɗaya ya isa ya lalata aikin shekara. A Manisa ta Turkiyya kuwa, sai an tsoma shi a ruwan fotash, wani sinadari mai kama da kanwa, da man zaitun, ya yi saurin bushewa, launinsa ma bai cika yin duhu ba. Mutanen Turfan a Sin ba sa bari rana ta taɓa nasu: ɗakunan tubali suke ginawa masu huji-huji a bango, su rataye inabin a inuwa iska mai zafi ta busar da shi, shi ya sa yake fitowa kore. Duk wannan aiki, sai a ƙarshe wani ya jibge kwalaye a sito mai laima, ya juye a leda, ya shafe sunan mai shi.

Ga kuma batun launi. Masu sayen kek ɗina da yawa sukan ce in sa musu mai ruwan zinariya, wai ya fi baƙin asali. Alhali sau da yawa inabin ɗaya ne, nau'in nan mara ƙwallo da ake kira Sultana ko Thompson Seedless. Bambancin shi ne na zinariyar an turara masa hayaƙin farar wuta don kada ya yi duhu, aka busar da shi a na'ura. Ga yawancin mutane ba laifi, amma akwai masu ciwon asma da wannan sinadari ke tayar wa da ciwo. Wata baiwar Allah ta tambaye ni ko ɗanta mai asma zai iya ci, na tsaya ina kallon ledar, na rasa amsar da zan ba ta. Har yau ina jin kunyar ranar.

Funfunar ma ba wari kaɗai ba ce. Wani nau'inta yana sakin wani dafi da ake kira okaratoksin, wanda ke taɓa ƙoda, kuma zafin gashi ba ya kashe shi gaba ɗaya. Tarayyar Turai ta ɗauki abin da muhimmanci, tun 2023 ta rage iyakar dafin da take karɓa daga mikrogiram 10 zuwa 8 a kowane kilo na zabibi (mikrogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram). Ni tambayata ita ce, wanda aka ƙi karɓa a can, ina ake kai shi?

Tun 1912 manoman zabibi na Kalifoniya suka haɗa kai suka kafa ƙungiyar da ta zama Sun-Maid, suka sa suna a jikin kwali, ga shi in kaya ya ɓaci an san wanda za a tuhuma. Abin da nake nema ke nan daga 'yan kasuwa masu shigo da shi da hukumomin kula da ingancin abinci. Duk wanda zai rarraba zabibi a ƙananan ledoji, ya rubuta ƙasar da ya fito da shekarar da aka girbe shi, ya kuma faɗa ko an sa masa farar wuta. Ni dai yanzu sai an nuna mini kwalin asali, na karanta, na shinshina, sannan in ce a auna.

Taka,
Wata mai sana'ar gashin kek