Sanarwa kan zaɓen gwarazan fina-finan shekara

Assalamu alaikum, ƴan uwa masu girma. Lokaci ya yi da kowa zai gabatar da waɗanda yake ganin sun cancanci kyautar Kannywood ta rukuninmu a bana: fim, darakta, marubuci, jarumi da jaruma, suna uku-uku a kowane fanni.

Abin da ya fi jawo muhawara shi ne fina-finai masu dogon zango, domin yawancin aikin masana'antar ya koma YouTube da tashoshi irin su Arewa24. Mun ware musu fanninsu, tunda ba adalci ba ne a auna labarin da ake ja shekara guda da wanda ya ƙare cikin awa biyu. Zangon da aka haska a bana kaɗai za a duba.

Gasar AMVCA ta karrama fina-finan Afirka, wadda aka fara a 2013, tana barin wasu fannoni ga ƙuri'ar masu kallo, wasu ga alƙalai. Mu dukkanmu alƙalai ne, don haka a haɗa kowane suna da hujja, kuma farin jinin jarumi ba hujja ba ne. A tura wa shugaban rukuni kafin daren Juma'a.